Kafin ka sayi sabon batir, sa a auna maka caji

Ƙannena masu hawan babur a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi, akwai maganar da nake yawan ji a bakinku: da zarar hon ya shaƙe, ko an danna sitata ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, sai a ce batir ya mutu. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa kashe shi aka yi, kuma abin da ya kashe shi yana nan cikin babur yana jiran sabon da za ka sayo. Na daɗe ina barin jaki ina dukan taiki kafin in gane haka, kuɗin da na zubar kuwa da sun yi mini wani abin.

Batir ba ya samar da wuta, ajiya kawai yake yi. Mai samar da wutar shi ne kwayil, wato wayar tagulla da aka naɗe a gefen inji, maganaɗisu yana zagaya ta duk lokacin da inji ke juyawa. Wutar da kwayil ke bayarwa mai kai-da-komo ce, batir ba ya karɓar irinta, kuma ƙarfinta hawa yake yi gwargwadon yadda ka murɗa totur. Shi ya sa aka sa rektifaya a tsakaninsu, ɗan akwatin nan mai ƙarfe tsaga-tsaga a jikinsa. Aikinta biyu ne: ta mayar da wutar mai bin hanya ɗaya, sannan ta tare ta kada ta wuce abin da batir mai bolt 12 zai ɗauka. Rarar da ta tare kuwa, a yawancin ƙananan baburanmu zafi take komawa. Tsaga-tsagar jikinta don iska ta sanyaya ta ne, ba ado ba ne.

Lokacin da na fara riƙe babur nawa na kaina, batir ya riƙa sauka. Na kai caji, ya yi kwanaki ya koma gidan jiya. Na sayi sabo, shi ma bai jima ba. Na koma na yi wa mai shago tijara a gaban mutane, na ce jabu ya sayar mini, alhali bawan Allah ba shi da laifi. Daga baya wani abokina ya ja ni Suame Magazine, unguwar makanikai, wurin wani dattijo mai wayarin. Ko kallon batir ɗin bai yi ba. Ya cire murfin gefe, ya bi wayoyin da suka fito daga inji da yatsa har ya kai wani soket, ya ja shi da ƙyar. Robar da ta kasance fara ta koma ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya narke, ƙarfen ciki ya yi baƙi da tsatsa kore-kore. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, shinshina." Ƙauri ne na ƙonanniyar roba. Na ce, "Masta, to batir ɗin fa?" Ya ce, "Batir yunwa ta kashe shi. Abincinsa a nan yake tsayawa."

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Soket ya saki, ruwa da ƙura sun shiga, tsatsa ta hana wuta wucewa yadda ya kamata, wurin ya riƙa zafi, zafin ya ƙara sakin ƙarfen. Haka abin ke cin kansa har ya narke. Ya yanke soket ɗin, ya sa sabo, kuɗin bai kai kaso kaɗan na kuɗin batir ba.

Daga wurinsa na koyi amfani da mita, wato na'urar hannu ta auna ƙarfin wuta, kuma ita ce abin da na fi so ku ɗauka daga wannan rubutu. Kowane mai wayarin na kirki yana da ita, ba ta da tsada in kana son taka. A juya ta zuwa ma'aunin wutar batir, a ɗora jar waya kan jan kai, baƙa kan baƙin kai. Idan babur ya huta inji a kashe, lafiyayyen batir da ya cika zai nuna wajen bolt 12.6. In ka ga 12.0 ko ƙasa da haka, ya sauka sosai. Sai a tayar da inji, a ɗan murɗa totur a riƙe. Yanzu ya kamata mita ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya inda take tun farko, ko ma ta riƙa sauka da an kunna fitila, caji ba ya zuwa, sai a bi soket da wayoyi da rektifaya da kwayil, a jere haka, daga mai araha zuwa mai tsada. In kuwa ta haura 15 tana ci gaba da hawa, rektifaya ta daina tarewa, dafa batir take yi. Alamar wannan ko ba mita za ka gane: ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, ruwan batir yana ƙafewa da wuri, jikinsa ya yi zafi ko ya kumbura, wani lokaci har da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Duk awon nan bai fi minti biyar ba. Duk mai gyaran da ya ce ka sayo kaya bai ɗora mita ba, canki-canka yake yi da aljihunka.

Akwai wani gwaji da na ga ana yi, ni ma na yi: a cire wayar batir inji yana aiki, wai in bai mutu ba caji lafiya. Ku bar shi. Batir shi ke shanye tsallen da wuta ke yi, da ka cire shi sai tsallen ya faɗa kan rektifaya da ƙwayayen fitila da akwatin da ke ba fulogi wuta. Kuma bai tabbatar da komai ba, domin akwai baburan da fulogi ke samun wutarsa kai tsaye daga wani kwayil na daban, inji zai ci gaba da aiki ko da cajin batir ya mutu murus. Wannan dalilin ne kuma ya sa hawa babur ba batir, da kik kawai, ba dabara ba ce. Tafiya zai yi, amma rektifaya ce ke biyan bashin.

Sai kwalliya. Ina saurayi babu abin da ban rataya wa babur ba: ƙarin fitilu, hon mai ƙarar babbar mota, wurin cajin waya, kuma na cire ƙwan gaba mai wat 35 na sa mai wat 55 don in haske hanyar Tafo da dare. Kwayil ɗin ƙaramin babur iyakarsa kaɗan ce, an auna shi ne da kayan da kamfani ya sa, da ɗan rara. Kuma cikakken ƙarfinsa sai inji na gudu yake bayarwa. Ka tuna yadda ake tafiya a Kejetia ko Alabar da yamma: inji yana silo, hannu kan birki, fitilar birki a kunne, hon ba hutawa. A wannan yanayi abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, batir ke cike giɓin. In dole sai ka ƙara haske, fitilun zamani marasa cin wuta sun fi, a ja musu waya mai kauri da fiyus nasu. Fiyus ɗin ma kada a yi masa wayo. In ya ƙone, galibi wani abu ne ya taɓa jiki a wani wuri. Naɗa masa wayar tagulla ko takardar kwalin sigari na nufin a karo na gaba wayarin gaba ɗaya ne zai ƙone a madadinsa, ƙarƙashin tankin mai.

Ana yawan tambayata shekara nawa batir da rektifaya da kwayil kowanne ke yi. Batir ne mai gajeren kwana, in ya samu caji daidai da kulawa yakan yi shekara 2 zuwa 3, zafin ƙasarmu kuma yana rage masa. Abin da ya fi kashe shi shi ne a bar shi a sauke. Wani farin gishiri ke taruwa a farantan dalmar da ke ciki, in ya daɗe ya taurare ba ya komawa, ko an kai caji ba zai riƙe ba. Wanda zai yi tafiya arewa ya bar babur makonni, ya cire baƙar wayar batir, musamman in akwai na'urar bin sawu ko ƙararrawar ɓarawo, don suna tsotsa ko babur a kashe. Batir mai ruwa kuma ruwan batir tatacce ake ƙara masa, ba asid ba, ba na famfo ko na leda ba.

Rektifaya da kwayil ba su da ranar mutuwa. Na asali kan yi shekaru masu yawa, wasu har babur ya tsufa ba a taɓa su ba. Zafi ne ajalinsu. Wayar kwayil akwai siririn fenti a jikinta da ke hana ta taɓa 'yar'uwarta, in zafi ya yi yawa fentin ya gasu ya fashe, sai ka buɗe ka tarar da naɗin ya yi baƙi ƙirin. A baburan da kwayil ke zaune cikin baƙin mai, man ne ke ɗauke masa zafi, don haka mai ƙyuyar juye da barin mai ya yi ƙasa yana cutar wutarsa ma bai sani ba. Rektifaya kuwa, kada a ɗaure ta da roba a cusa ƙarƙashin kujera inda iska ba ta kaiwa. A ɗaure ta da ƙusa a mazauninta, taɓo kuma a goge mata.

Kumasi damina biyu muke yi a shekara, sannan hunturu ya zo da ƙurarsa. Kafin ruwan watan Afrilu ya kankama, a buɗe soket-soket a duba, a kankare kan batir da sanfefa a shafa ɗan giris, a ƙara ɗaure wayar da ke kama jikin firam, don ita kaɗai in ta saki za ta yi maka duk alamun mataccen batir. A wurin wanki kuma ka tsaya kan yaron, kada ya saita bakin ruwan nan mai ƙarfi kan makulli da wayoyi.

In awo ya nuna lallai sai an canza rektifaya, tafi da tsohuwar a hannunka. Akwai masu ƙafa huɗu, akwai masu biyar, kuma ko bakin ya shiga ba lallai jerin wayoyin ya zo ɗaya ba, ta Boxer daban, ta Haojue daban. Mai shago zai fito maka da iri biyu ko uku, farashi ya bambanta. Ɗauki mai kyaun in da hali, sannan kada ka bar wurin mai gyara sai ya sake ɗora mita a gabanka, fitila a kunne, ka ga 14 ko kusa da ita da idonka.