Alhamis: tsara hotunan gonaki a kan kwamfuta

Bayan sallar Azahar na zauna a zaure da kwamfutar ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, a ƙauyenmu da ke kusa da Auyo, domin shugaba ya buƙaci a tattara hotunan gonakin da ruwan kogin Haɗeja ya ci, ga kuma wayata ta cika maƙil har ta daina karɓar sabon hoto.

Na yi aiki da Phone Link, manhajar Microsoft da ke cikin Windows mai haɗa waya da kwamfuta, wadda a da ake kira Your Phone kafin a sauya mata suna a 2022. Abokiyar aikinta a wayar Android ita ce Link to Windows. Da na ɗora su a kan intanet ɗaya, na haska lambar QR da kyamara, sai hotuna suka jeru a allo, na baya-bayan nan har 2,000.

Babban allo ya nuna mini abin da waya ta ɓoye. Akwai hoton da na ɗauka tun a watan Satumba, wanda a waya ruwa ne kawai shimfiɗe, amma a nan ga alamar laka ta zagaye gindin giginya, tana nuna daidai inda ambaliyar ta tsaya. Baba, wanda ganinsa ya yi rauni, ya matso da tabarau ya ce, “Ɗana, wannan ai gonar kawunka ce, ga surin nan a bakin iyaka.” Da taimakonsa na sa wa kowane hoto sunan fadamar da aka ɗauke shi, kuma a ganina wannan ne ainihin aikin, domin hoton da ba a san gonar wa ba ne ba ya zama shaida ga kowa.

Na yi taka-tsantsan wajen gogewa, saboda duk abin da aka goge ta manhajar daga wayar yake fita, don haka sai na kwafe hoto na tabbatar ya buɗe kafin in taɓa shi. Hotunan da manoma suka turo ta WhatsApp kuwa ba su bayyana ba, tunda ita manhajar, ma'ajiyar kyamara da ta hoton allo take dubawa. Su da kebul na kwaso su. Cajin sola ya ƙare gab da Magariba, saura gonakin gabas, waɗanda zan ƙarasa gobe kafin masallaci in Allah ya kai mu.