Laraba: bulo ɗaya da tayar Kawu

Tun da na dawo gida bayan sallar isha'i nake juya maganar da muka yi da Kawu a rumfarsa ta gyaran taya, kuma na san barci ba zai zo ba sai na rubuta ta.

Da safe komai ya tafi yadda nake so. Na kai bulo da sikeli mai ƙugiya ajin 'yan shekara ta biyu, muka ɗaura wa bulon igiya, muka kwantar da shi a kan faffaɗar fuskarsa muka ja shi a kan teburi, sannan muka tsayar da shi a kan siririn gefensa muka sake ja. Allurar sikelin ta tsaya kusan wuri guda a duka biyun, yaran suka yi ta mamaki, domin dukansu sun zaci faffaɗar fuskar za ta fi turjiya. Na gaya musu cewa masanin Italiya Leonardo da Vinci ya rubuta wannan a takardunsa a 1493, kuma masanin Faransa Guillaume Amontons ya gabatar da shi a birnin Paris a 1699, cewa gogayya tana bin nauyin da ke danna abu, ba ta bin faɗin wurin da ya taɓa. Na fito daga ajin cike da farin ciki.

Da la'asar na biya wurin Kawu a ƙara wa babur iska, na tarar yana lallashin wani mai mota ya sayi taya mai faɗi, yana ce masa ta fi kama titi kuma ta fi daɗewa. Darasin safe yana nan daram a kaina, sai na tsoma baki a gaban yaran shagonsa na ce, "Kawu, ai faɗi ba ya ƙara kamu, yau ɗin nan muka gwada da bulo." Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa, ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, bulo ka ja, ba taya ba. Tun kafin a haife ka nake cire taya ina mayarwa, kuma ban taɓa ganin siririya ta riga mai faɗi tsayawa a busasshiyar kwalta ba." Mai motar ya ce zai dawo, ya tafi bai saya ba. Kawu ya ƙara mini iska, ya ƙi karɓar kuɗi kamar kullum, amma bai ƙara cewa uffan ba.

Abin da ke damuna shi ne na san ragowar bayanin, amma rabinsa na faɗa. Dalilin da ya sa bulo bai damu da fuskar da aka kwantar da shi ba, shi ne abubuwa biyu masu tauri ba sa haɗuwa a duk faɗin da ido yake gani. Ko ƙarfen da aka goge har yana sheƙi yana da ƙananan tuddai da kwaruruka, kuma a kan 'yan tuddan nan kaɗai ake taɓa juna. Idan nauyi ya ƙaru, tuddan sukan baje, wasu sababbi su haɗu, sai ainihin wurin haɗuwa ya ƙaru. Idan kuwa aka tsayar da bulon a kan gefensa, tuddan da ke ɗaukarsa sun ragu amma kowannensu ya fi danƙaruwa, jimillarsu ta koma kusan yadda take. Frank Bowden da David Tabor ne suka fayyace wannan a jami'ar Kambrij, littafinsu ya fito a 1950. Ke nan faɗin da ido ke gani ne ba shi da tasiri, amma ainihin wurin da aka taɓa juna shi ne tushen gogayyar gaba ɗaya.

Roba kuwa ba ta da halin bulo. Tana da laushi, tana shiga cikin kofofin kwalta ta manne, kuma kamunta ba ya ƙaruwa daidai da nauyi: gwargwadon yadda matsi ya yi yawa a wuri kaɗan, gwargwadon yadda kowane kilo yake samun ƙarancin kamu. Shi ya sa motocin tsere suke sa tayoyi masu faɗi, santala-santala babu zane, muddin titi a bushe yake. Na zauna na yi lissafi ɗazu: motar da ta kai kilo 1,200 tana ɗora wa kowace taya kusan kilo 300, idan iskar da ke ciki tana danna kowace santimita murabba'i da kimanin kilo 2, to wurin da tayar ta taɓa ƙasa bai wuce santimita murabba'i 150 ba, wato kamar tafin hannun babban mutum. Taya mai faɗi da aka ba iska ɗaya da siririya ba ta ninka wannan wurin ba, siffarsa take canzawa, ya gajarta ya yi faɗi, kuma hakan yana rage lanƙwasuwar robar da zafin da take ɗauka.

A maganar daɗewa ma gaskiya tana wajen Kawu. Ƙa'idar da John Archard ya fitar a 1953 ta nuna cewa yawan abin da ke cinyewa yana ƙaruwa da nauyi da nisan gogawa, yana raguwa idan abu ya fi tauri, amma idan wannan adadin ya bazu a wuri mai faɗi, zurfin cin yakan ragu. Duk wanda ya ga yadda tsinin dunduniyar takalmi yake riga sauran tafin ƙarewa ya san haka, kuma Kawu yana ganin sa kullum a tayar da aka cika wa iska ta suɗe a tsakiya, da wadda aka bari da ƙarancin iska ta suɗe a gefe biyu.

Inna ta aiko a koɗa mata dutsen niƙa, ta ce ya yi sulɓi ba ya kama hatsi. Na ce a bari sai Asabar.

Yanzu haka akwai tsaka a saman bango kusa da ƙwan lantarki, a manne babu wani danƙo, da miliyoyin siraran gashin da ke ƙasan yatsunta, waɗanda suke shiga kowane lungu na fenti su mayar da ɗan yatsa wuri mai yalwar haɗuwa. A wajenta nauyi ba shi ne ke riƙe ta ba, faɗin mannewar ne. Wannan ma ban gaya wa yaran ba, kuma sun tafi gida da jimla ɗaya da za su iya maimaita wa iyayensu kamar yadda na maimaita wa Kawu.

Gobe kafin na wuce makaranta zan tsaya a rumfar, lokacin da yaransa suke nan, in ce masa, "Kawu, ku yi haƙuri, maganarku ce daidai a kan taya." Zan kuma roƙe shi guntuwar tsohuwar taya da zan liƙa a ƙarƙashin bulon nan, mu sake jan sa a aji. Mai motar dai ban san inda zan same shi ba.