Salak ɗin gindin mangwaro

Asabar. Hazo ya sauko tun asuba, sanyin Jos har cikin ƙashi. Duk da haka na bi Kawu lambu, can bakin tsohon kududdufin kuza inda yake noman rani.

Fangali biyu na salak suka tsayar da ni. Iri ɗaya ne, rana ɗaya aka dasa su. Na fili ganyensa da kauri, ka kama ka ji shi cike da hannu. Na gindin mangwaro kuwa ya yi faɗi amma ba kauri, kana taɓa shi sai ya langaɓe. Kawu ya jawo buhun yuriya zai zuba masa karo na uku. Wai yunwa ce ke damunsa.

Na ce, "Kawu, a gafarce ni, ba taki ya rasa ba, rana ya rasa." Ya ajiye kwano ya ce, "To ɗana, karatun naku me ya ce?"

Na yi masa bayani gwargwadon iyawata. Saiwa tana zuƙo naitirojin ɗin taki, galibi a siffar wani sinadari da ake kira naitiret, amma ganye ne maƙerar da ake sarrafa shi ya koma amino asid, wato tubalan da ake ƙulla furotin da su. Wutar maƙerar nan hasken rana ce. Enzayim (wato furotin mai hanzarta aiki) ɗin da ke fara aikin, naitiret ridaktes, haske ke tayar da shi, duhu na yi ya lafa. Sukarin da ganye ke haɗawa da rana, daga jikinsa ake samun ƙashin bayan amino asid ɗin. To a inuwa naitiret yana shigowa, ba mai taɓa shi, sai ya taru a ganyen da mutane za su ci ɗanye. Wannan ne ya fi damuna, ga kuɗin taki kuma yana tafiya a banza.

Abin da ke burge ni har kullum shi ne Rubisko, furotin ɗin da ke cafke iskar kabon. Babu furotin da ya kai shi yawa a ganyen irin su salak, kuma ganyen rana ya fi na inuwa tara shi nesa ba kusa ba. Amma hasken ma in ya yi yawa ɓarna yake yi: akwai wani furotin, D1, da rana mai ƙarfi ke lalatawa, ganye ya wuni yana cire shi yana ƙera sabo.

Kawu ya daɗe yana kallon bishiyar. Ta fara fure, na san ba zai sare mata reshe yanzu ba, ni ma ban nema ba. Ya ɗaure bakin buhun, ya ce dashen gaba a mai da shi gabas da rijiya, inda hantsi ke fara dukan ƙasa.

Da la'asar muka yanke na filin, kwando huɗu, gobe da sassafe sai kasuwar Farin Gada. Yatsuna har yanzu ba su daina zugi ba saboda ruwan sanyi.