Na Daɗe Ina Bayarwa Kamar Mai Bin Bashi

Ƙannena a cikin Ubangiji, akwai kuskuren da na yi shekaru ina tafkawa ban san kuskure ba ne, domin a idon jama'a kama da kirki yake yi. Ina ba da baiko, ina fitar da zakka, in an yi shelar wani mabukaci a sujada kuma ba a barina a baya. Amma can cikin zuciyata ina riƙe da lissafin duk wanda na taimaka, ina jiran ya biya ni da godiya.

Akwai wani saurayi maraya a ikkilisiyarmu da na ɗauki nauyin koyon sana'arsa har shekara 2. Da ya samu abin yi, sai ƙafarsa ta ɗauke daga gidana. Wata Lahadi ya hango ni a ƙofar majami'a, ya ɗaga mini hannu daga nesa ya wuce, abin kuwa ya ci mini rai har na kasa sauraron wa'azin ranar. Na kai kukana wurin wani dattijon ikkilisiya, har da buɗe masa Luka sura 17, inda Yesu ya warkar da kutare 10 amma ɗaya kaɗai, shi ma Basamariye, ya komo ya yi godiya. Dattijon ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, kai wane ne a cikin labarin nan? Na ga ka zauna a gurbin mai warkarwa. To, wadda ta biya maka naka karatun, yaushe rabonka da ita?" Goggona yake nufi, wadda na yi shekara 4 ban taka ƙofarta ba. Kunya ta rufe ni, na rasa ta cewa, domin ashe ni ma cikin taran nan nake.

Tun daga ranar na gane cewa hannuna ya riga zuciyata buɗewa. Mutumin da bai yarda cewa karɓa ya yi ba, in ya bayar gani yake nasa ya rage, don haka dole ya nemi diyya. Manzo Bulus ya tambayi Korintiyawa, a wasiƙarsa ta fari sura 4, me suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba. Tun kafin shi ma, Maimaitawar Shari'a sura 8 ta gargaɗi Isra'ilawa kada in sun ƙoshi su ce ƙarfin hannunsu ne ya tara musu dukiya. Shawarata ita ce, kafin ku miƙa wa kowa wani abu, ku zauna ku ambaci sunayen waɗanda Allah ya bi ta hannunsu ya tallafe ku, ku kuma je ku gode musu tun suna da rai.

Rashin godiyar nan ne ya haifi wani abin da har yau nake nadama. Na taɓa miƙa wa wata gwauruwa taimako a gaban mutane bayan an tashi sujada, ina ɗaga murya don a ji. Ta karɓa da hannu biyu, kanta a sunkuye, daga nan kuma ta koma zama a kujerar baya, tana fita kafin addu'ar rufewa. Na biya mata bukata ta mako guda, na zubar mata da mutunci. Ku dubi yadda Littafin Firistoci sura 19 ya tsara abin: mai gona ba zai girbe har gefe ba, ba zai kuma koma ya yi kala ba, sai ya bar wa matalauci da baƙo su tattara da kansu, ba tare da sun tsaya a gabansa suna roƙo ba. A Littafin Rut ma, Bo'aza mai gona a ɓoye ya umarci masu girbinsa su riƙa zare wa Rut, baƙuwar da take kala a gonarsa, zangarniya suna yarwa. Abin da Yesu ya faɗa a Matiyu sura 6 ke nan, cewa kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi.

Kada kuma ku ce sai kun yi arziki, gama ni na faɗi haka, samuna ya ƙaru, bukatuna suka ƙaru tare da shi. Ikkilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawar masu bi na Urushalima.

Da na je wurin goggona bayan maganar dattijon nan, na durƙusa na fara lissafa mata abin da ta kashe a kaina. Ta katse ni, ta ce ita ba ta tuna ko nawa ba ne, ta kuma tambaye ni ko yaron nan maraya da ta ji ina taimako ya samu aiki.