Nisa da Kogi Ba Ya Hana Ruwa Cin Gida

Ruwan da ke cin gidaje a Sudan iri biyu ne. Akwai ambaliyar kogi mai tasowa sannu a hankali daga ruwan tsaunukan Habasha, wadda ta fi tsanani a ƙarshen Agusta da farkon Satumba. A 2020 Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a Kartum, ya wuce na 1946 da na 1988. Mutanen bakin kogi, daga Mai Wurno har tsibirin Tuti, sun san halinta. Wanda ya fi damuna shi ne sel, ruwan da ke gangarowa ta busasshen kwari cikin dare, ko da ɗigo ɗaya bai sauka a unguwarku ba.

Kafin ka sayi fili ko ka kama haya, tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a 1988. Kwarin da ya shekara goma a bushe har aka yanka filaye a cikinsa, ruwa bai manta hanyarsa ba. Dubi ƙasa: yashi mai laushi shimfiɗe kamar an share, ko tarkacen kara da leda maƙale a gindin bishiya ta gefe guda, alamar magudana ce. A katangun maƙwabta nemi layin laka ko farin gishiri.

Sai awo, don ido yana ruɗi. Samo siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, mai tsawon mita 15. Cika shi da ruwa, ka fitar da iska duka, don kumfa ɗaya kan ɓata awon. Ɗan'uwa ya riƙe baki ɗaya a ƙofar ɗaki, kai ka riƙe ɗayan a tsakiyar titi. Kowa ya auna daga saman ruwan zuwa ƙasa. In awon titi ya fi na ƙofar ɗaki tsawo, bambancin shi ne tudun gidanka; in na ƙofar ne ya fi, gidan yana cikin rami. In daɓen ɗaki bai fi titi da santimita 40 ba, akwai aiki. A maimaita awon duk lokacin da aka yi wa titi ciko, domin gidaje da yawa ta haka suka koma rami.

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ruwan da ya kwana biyu kwance a jikin katanga ya isa ya jiƙa tushenta ta zauna, musamman a baƙar ƙasar Gadarif da Jazira mai kumbura. A duba indararo yana zubarwa nesa da bango, a kuma ɗaga bakin masai sama da tsakar gida tun watan Yuni.