Kingdom Come: Deliverance, wasan da ba ya lallashin kowa

Masu PS4 a Gusau da suka saba da wasan da jarumi ke kashe mutum goma da sara ɗaya, wannan zai ba ku haushi a kwanakin farko. Kamfanin Warhorse na ƙasar Cek ne ya fitar da shi a 2018. Labarin a Bohemiya yake, cikin ƙasar Cek ta yau, shekarar 1403. Kai ne Henry, ɗan maƙeri a Skalitz, garin da sojojin Sarki Sigismund suka ƙone. Babu tsafi, babu dodo. Ko karatu Henry bai iya ba sai ya je garin Uzhitz an koya masa.

Faɗa ne ke kayar da sababbi. Sara yana zuwa ta fuska biyar, ga suka ta tsakiya, kuma kowane sara yana cin numfashi. In numfashin ya ƙare, kariya ta tafi. Kada ka tari mutum biyu. Je wurin Kyaftin Bernard a garin Rattay, ka yi ta atisaye da takobin katako har hannu ya faɗa.

Abinci yana ruɓewa a jaka, tufafi suna datti, mutane kuma suna raina mai datti.

Babbar matsala a nan ita ce ajiye ci gaba. Wasan kan ajiye da kansa a wasu matakan labari; in ba haka ba, sai ka kwanta a gadonka, ko ka sha Saviour Schnapps, wata giya ta cikin wasan, ko ka ajiye ka fita daga wasan. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar daji, aikin awa guda ya bi ruwa. Wanda ba shi da inbata ko janareta, ya riƙa kwanciya kafin kowace tafiya.