Inda Aka Kwana a Tarin Ludayi da Koshiya

'Yan uwa masu wannan sha'awa, barkanmu da war haka. Tun ɗaukewar damina tarin nawa bai ƙaru sosai ba, domin yanzu cokalin da aka ci abinci da shi kawai nake saye. Kyan ido kaɗai bai isa ya fitar da kuɗi daga aljihuna ba.

Sabon shigowa koshiyar Buzaye ce da wani falke ya kawo daga Agadas. Maƙeransu ne ke sassaƙa irinta, sau da yawa da icen aduwa, su yi wa mariƙin zane da ƙarfe mai zafi. Za ku ga masu kama da ita a Kasuwar Kurmi ta Kano, sai dai da yawa sababbi ne da aka yi don baƙi, an shafa musu mai sun yi duhu. Ku juya bakin koshiyar ku duba. Wadda ta yi aiki gefenta ɗaya ya fi cinyewa, gefen da ke gogar gindin akushi, tunda da hannun dama ake ci. Mariƙinta kuma ya yi santsi daidai inda babban yatsa ke zama, har zanen wurin ya dushe. Ta kanti ko'ina daidai take, zanenta na kartar hannu.

Ludayi ya fi wuyar sha'ani. Duma ne mai dogon wuya aka tsaga biyu, aka jiƙa aka kankare ɗacin cikinsa, kuma ba ya jure faɗuwa, shi ya sa tsoho yake wahalar samu. Na sami ɗaya wajen wata mai tallar fura da nono, ya yi ja saboda daɗewa, an yi masa gyartai a wuya. Ta yi ta dariya, wai ga sababbi a kasuwa na nace wa fasasshe. Ni kuwa ɗinkin nan na biya, don masu gyartai sun yi ƙaranci tun da roba ta cika gari.

Hunturu ya kawo jiki, kuma shi ne maƙiyin kayan nan. Ku kawar da su daga rana da bakin taga. Na itace ina goga musu man gyaɗa ɗan kaɗan da tsumma, ludayi kuwa busasshen ƙyalle ya ishe shi. Kada ku sa fenti ko wani abin sheƙi, yana ɓata kayan. In kun ga gari-gari a ƙarƙashin cokali, ƙwaro ne ya shiga, ku ware shi nan take kafin ya harbi sauran.

Na fara ɗaura wa kowanne 'yar takarda mai ɗauke da garin da ya fito da abin da ake ci ko sha da shi. Yanzu tsohuwar marar kwasar tuwo nake nema. Wanda ke zuwa kasuwar ƙauye ya taimaka ya duba mini.